Lanhon gidaje da gyaran makarantu: tarihin jahar Kaliforniya daga 1933 zuwa 2024

1. Gabatarwa

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke gina makarantu ba. An rarraba jahohi zuwa gundumomin makarantu, kowace gunduma da hukumarta. In rufin aji ya soma yoyo ko wayoyin lantarki sun tsufa, hukumar gunduma takan nemi izinin masu zaɓe ta ci bashi, sa'an nan a ƙara lanho bisa gidaje da filayen gundumar har a gama biya, galibi cikin shekara 25 zuwa 30. Wannan ƙasida za ta bi diddigin tsarin a jahar Kaliforniya. Abin da muke son nunawa shi ne: an yi nasarar raba kuɗin tafiyar da makaranta da arzikin unguwa, amma kuɗin gini da gyara sun zauna ɗaure da darajar gidajen da ke kewaye da makarantar.

2. Doka daga jaha, kuɗi daga gunduma

Tun 1879 tsarin mulkin jahar ya hana ƙaramar hukuma cin bashi mai dogon zango sai da yardar kashi 2 cikin 3 na masu jefa ƙuri'a. Ranar 10 ga Maris 1933 girgizar ƙasa ta auka wa garin Long Beach, ta kashe fiye da mutum 100, ta rushe makarantu da dama. Abin ya faru wajen ƙarfe 6 na yamma, bayan yara sun tashi. Da ƙarfe 10 na safe ne, da asarar ta wuce misali. Cikin wata guda majalisar dokoki ta zartar da dokar Field, wadda ta ɗora wa ofishin jaha duba zanen kowane ginin makarantar gwamnati. Ke nan jaha ta ƙayyade ingancin gini, amma mafi yawan kuɗin yinsa ta bar wa gundumomi.

3. Shari'ar Serrano

Illar dogaro da lanhon gidaje ta fito fili a shari'ar Serrano, wadda kotun ƙolin jahar ta yanke a 1971. Kotun ta gwada gundumomi biyu na yankin Los Anjeles a shekarar karatu ta 1968-1969. A Baldwin Park, dukiyar da ake saka wa lanho ta kama dalar Amurka 3,706 kan kowane ɗalibi, a Beverly Hills kuwa 50,885. Mutanen Baldwin Park suna biyan dala 5.48 bisa kowace dala 100 ta darajar da aka kimanta, na Beverly Hills suna biyan 2.38. Duk da haka Baldwin Park ta kashe wa ɗalibi dala 577, Beverly Hills ta kashe 1,232. Wato talakawa sun ɗauki nauyin da ya ninka na masu hali, sun samu abin da bai kai rabi ba. Kotun ta ce ilimin yaro bai kamata ya rataya ga dukiyar maƙwabtansa ba.

A 1973 kotun ƙolin tarayya, a shari'ar Rodriguez ta jahar Teksas, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce tsarin mulkin Amurka bai hana irin wannan bambanci ba. Daga nan gyaran ya zama aikin kowace jaha ita kaɗai.

4. Ƙuduri na 13 da abin da ya biyo baya

Ranar 6 ga Yuni 1978 masu zaɓe suka amince da Ƙuduri na 13 na Howard Jarvis da Paul Gann. Ya tsai da lanhon gidaje a kashi 1 cikin 100 na daraja, ya kuma hana ƙarin darajar ya wuce kashi 2 cikin 100 a shekara, sai in gida ya sauya hannu. Abin da ake tarawa ya faɗi da fiye da rabi. Dole jaha ta ɗauki babban kaso na albashin malamai da kayan aiki, abin da ya rage tazara tsakanin gundumomi. A 2013 ma an yi sabon tsarin rabo mai ba da ƙari ga gundumomin da ƴaƴan talakawa suka fi yawa.

Ta fannin gini kuwa ƙudurin ya toshe hanya, domin ba dama a ƙara lanho a biya sabon bashi. Shekara 8 aka yi a haka, gine-gine suna tsufa, sai a 1986 Ƙuduri na 46 ya mai da izinin bisa tsohon sharaɗin kashi 2 cikin 3. A Nuwamba 2000 Ƙuduri na 39 ya sauko da shi zuwa kashi 55 cikin 100, muddin hukuma ta bayyana jerin ayyukan, ta kafa kwamitin sa ido na mazauna, ta yarda a binciki lissafi kowace shekara, kuma kada a taɓa kuɗin wajen albashin malamai. Tun daga nan yawancin ƙuri'un bashin makarantu suna wucewa.

Sai dai sauƙin ƙuri'a bai sauya lissafin Serrano ba. Doka ta hana bashin gundumar da ta haɗa firamare da sakandare ya wuce kashi 2.5 cikin 100 na darajar dukiyarta, don haka iyakar abin da za ta iya ci yana bin darajar gidajenta ne, komai yawan ɗalibanta da lalacewar azuzuwanta. Taimakon jaha ma, a tsarin dokar 1998, na haɗin gwiwa ne: daga 2002 jaha tana ba da kashi 60 na kuɗin gyara in gunduma ta kawo 40, kuma wanda ya riga kai takardu shi ake fara sallama. Akwai rangwame ga gundumar da ta tabbatar ba ta da hali, amma mai kuɗi a hannu da ma'aikatan rubuta takardu shi ke kan gaba a layi.

A Mayu 2000 ɗalibai suka kai jahar ƙara, a shari'ar Williams, kan makewayi da ba sa aiki, da ɓeraye, da rashin littattafai. An sasanta a 2004 da alkawarin dala miliyan 800 na gyaran gaggawa, biyan kuwa ya ja shekaru. A Nuwamba 2024 masu zaɓe suka yarda jaha ta ci bashin dala biliyan 10, kuma a sabon tsarin kason jaha na gyara yana iya kaiwa 65 ga gundumomi marasa ƙarfi. Ƙarin maki 5 ke nan, shekara 53 bayan Serrano.

5. Kammalawa

Lanhon gida yana da amfaninsa: mai biya yana ganin ajin da kuɗinsa ya gyara, yana kuma iya tuhumar hukumar da ya zaɓa. Amma a Kaliforniya daidaito ya samu ne kaɗai a fannin da jaha ta ɗauki nauyi ta rarraba da kanta. Batun ya shafe mu, tun da a 2016 gwamnatin Nijar ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na sha'anin ilimi, alhali abin da birnin Yamai zai tara bisa gidaje ba ɗaya yake da na ƙaramar hukumar karkara ba. Gobarar azuzuwan zana a Maraɗi, cikin Nuwamba 2021, ta ci ran yara fiye da 20. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne su auna, hukuma bayan hukuma, lanhon da ake iya tarawa kan kowane ɗalibi da kuɗin gina aji guda na siminti.