Dokar Jiha da Ikon Ƙananan Hukumomi kan Noman Wiwi don Magani a Mishigan

A watan Nuwamban 2008 ne al'ummar jihar Mishigan ta Amurka suka amince, ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama da rinjayen kusan kashi 63 cikin ɗari, da dokar da ta halatta amfani da tabar wiwi a matsayin magani ga wanda likita ya tabbatar yana fama da ciwo mai tsanani. Dokar ta tanadi wani matsayi da ake kira mai kula da majiyyaci, wato baligin da ya yi rajista da hukuma don ya noma ganyen a madadin marasa lafiyar da ba za su iya yi da kansu ba. An ƙayyade masa majiyyata biyar, kowanne da tushe 12, wanda ke nufin idan shi ma majiyyaci ne zai iya riƙe tushe 72, bisa sharaɗin shukar ta kasance a killataccen wuri mai makulli. Sai dai dokar ba ta ce uffan ba game da unguwar da wannan wuri zai kasance, kuma daga wannan shirun ne rikici ya samo asali.

Ƙananan hukumomi a jihar suna da ikon tsara filaye, wato raba ƙasarsu zuwa yankin zama da na kasuwanci da na masana'antu, ikon da wata dokar jiha ta 2006 ta tattara musu wuri guda. Birnin Wyoming, da ke maƙwabtaka da Grand Rapids, ya yi amfani da wannan iko ya haramta duk wani amfani da fili da ya saɓa wa dokar tarayya, kuma tunda dokar tarayya ta 1970 ta sanya wiwi cikin haramtattun ƙwayoyi, sai ya zama birnin ya hana noman gaba ɗaya ba tare da ya ambaci sunan ganyen ba. A shari'ar Ter Beek ta 2014, Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan tanadi, bisa ƙa'idar cewa ƙaramar hukuma ba ta da hurumin haramta abin da jiha ta halatta.

Shari'ar DeRuiter ta fi wannan sarƙaƙiya. Ƙaramar hukumar Byron da ke gundumar Kent ba ta hana noman ba, abin da ta ce shi ne mai kula da majiyyaci ya yi shi a gidan da yake zaune, a matsayin sana'ar cikin gida, bayan ya karɓi izini. Mai ƙarar kuwa, wato DeRuiter, ta kama hayar wani gini ne a yankin kasuwanci, ta killace shi ta sa makulli kamar yadda dokar jiha ta buƙata, amma a 2016 hukumar ta umarci mai ginin da a dakatar da aikin. Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duk sun ba mai ƙarar gaskiya, har sai a watan Afrilun 2020 da Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Richard Bernstein, ta juya hukuncin. Hujjar kotun ita ce sharaɗin killataccen wuri yana bayyana irin ginin ne kawai, bai ce ana iya kafa shi a ko'ina ba, don haka hukuma na iya ƙayyade wuri matuƙar ba ta haramta noman ɗungurungum ba, kuma ba ta gindaya sharuɗɗan da suka wuce hankali ba.

A takarda wannan bambanci tsakanin hani da ƙayyadewa yana da ma'ana, domin ƙorafin maƙwabta game da wari da yawan jan wutar lantarki da fitilun noman ke yi ba ƙage ba ne. A aikace kuwa, iyakar ta yi siriri ƙwarai. Hukuncin da ya ba Byron damar tura noman cikin gidaje shi ne kuma ya ba wata hukumar damar korar sa daga gidaje zuwa yankin masana'antu, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin mutumin da doka ta iyakance wa majiyyata biyar. Ɗan haya da mai gidansa bai yarda ba, shi ma tsarin Byron ya rufe masa ƙofa. Ta haka hukuma za ta iya cimma abin da aka hana birnin Wyoming, in dai ta iya tsara kalmominta, kuma nauyin tabbatar da cewa sharaɗi ya wuce hankali yana kan wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya.

Gyaran ba daga kotu zai fito ba, domin kotu ta fassara abin da aka rubuta ne. Majalisar dokokin jihar ce ya kamata ta fayyace mafi ƙarancin abin da kowace ƙaramar hukuma za ta bari, ko da yake tsarin mulkin Mishigan yana buƙatar ƙuri'ar kashi uku cikin huɗu na kowane zaure kafin a taɓa dokar da jama'a suka kafa da kansu. Kafin a samu wannan rinjaye, haƙƙin da masu zaɓe suka bai wa majiyyaci a 2008 zai ci gaba da bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan.