Littattafan Da Ya Kamata Mu Karanta Tare

Ya kai mai karatu, ka sha wahala kafin ka iya haɗa baƙi da wasali. To, ka sani karatu kamar fartanya yake, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. Mutane da yawa sun gama ajin yaƙi da jahilci, bayan damina biyu suka manta, don ba su sami abin karantawa ba. Maganin wannan shi ne ku haɗu ku biyar ko goma bayan sallar isha'i, ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, gobe wani ya karɓa. Ga littattafan da za ku nema, da tarihin yadda aka same su.

Mu fara daga gida. Wajen shekarar 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, nan maƙwabtanmu. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno bauta. A can wani Bature ya ƴanta shi. Daga baya ya bi wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Sun ratsa Damagaram a ƙarshen 1852, suka isa Tumbutu a 1853, suka kai Ingila a 1855. Can Dorugu ya ba wani malamin mishan, Schon, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Ka ga ɗaya daga cikin labaran tafiya na farko da aka rubuta da Hausar boko, ɗan ƙasarmu ne ya bayar da shi. Rubutunsa na dā ne, sai da taimakon malami, amma ko labarinsa kawai ya isa hirar dare guda.

A 1933 wani Bature a Zariya, Dokta East, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi.

Ku fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Gajere ne, ga ban dariya. Alhaji Imam ya shiga duniya neman ruwan magani, ko'ina ya je sai ya yi karo da Malam Zurƙe, suna yi wa juna wayo. Wanda bai saba karatu ba ba zai gaji da shi ba.

Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauci wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Ku gwada shi da labarin Dorugu. Ɗaya ƙagagge ne, ɗaya ya faru da gaske, amma ciwon ɗaya ne. Ku tambayi tsofaffinku abin da suka ji daga kakanni game da zamanin bauta.

In hannu ya faɗa, ku ɗauki Magana Jari Ce, littafi uku da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937. Aku ne yake ba da labarai don ya hana ɗan sarki fita. Kowane labari ya isa zama ɗaya.

Na tafiya kuwa, akwai Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam ya je Ingila tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta labarin tafiyarsa Turai cikin Motsi Ya Fi Zama.

Ba sai kowa ya sayi nasa ba. Ku yi karo-karo, in wani zai je Kano ko Katsina ku ba shi saƙo. Littafi ɗaya ya isa mutum goma. Ku naɗe shi cikin leda saboda gara da ruwa, ku sa rana, ku fara.