Yanina: Tarihin Wani Birnin Lardi a Ƙasar Girka

Gabatarwa

Galibi in ana batun tarihin Girka, Atina ce ake sawa gaba, sauran birane kuwa a mayar da su ƴan rakiya. A wannan maƙala za mu dubi Yanina, cibiyar yankin Epir da ke arewa maso yammacin ƙasar, kusa da iyakar Albaniya. Tambayarmu ita ce: yaya aka yi birnin da ya taɓa shan gaban Atina wajen ilimi da fatauci ya koma birnin lardi, kuma mi ya rasa a hanya?

Zamanin Turkawa

Yanina tana bakin tafkin Pambotis, duwatsu sun kewaye ta. A shekarar 1430 ta miƙa wuya ga Sinan Pasha, kwamandan daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tare da yaƙi ba. Saboda haka aka ba mutanenta takardar amana: ba za a taɓa majami'unsu da dukiyarsu ba, ba za a kwashi ƴaƴansu zuwa aikin soja ba. Amanar ta ɗore har 1611, lokacin da wani limamin Kirista, Diyonisiyos, ya jagoranci tawayen manoma. Da aka murƙushe tawayen sai aka fitar da Kiristoci daga cikin ganuwa, kuma a 1618 aka gina masallacin Aslan Pasha a gurbin wata majami'a.

Duk da haka birnin bai durƙushe ba. Maƙeransa na azurfa sun yi suna, fatakensa kuma sun zauna a Benis da Rasha suna aiko kuɗi gida. Ɗan Yanina ne, Nikolawos Gilikis, ya kafa maɗaba'ar littattafan Girkanci a Benis a 1670. Da dukiyar fatake aka buɗe makarantar Marutsi a 1742, da ta Zosima a 1828. A nan muna ganin cewa fatauci ne ya goya ilimi, ba fada ba.

Ali Pasha

Daga 1788 Ali Pasha, Ba'albane ɗan Tepelena, ya mayar da Yanina fadarsa. Da Girkanci ake rubuta takardun mulkinsa, kuma Faransa da Ingila duk sun ajiye ƙananan jakadu a wurinsa. Amma mulkin nasa na ƙarfa-ƙarfa ne: har yau mutanen garin suna tuna Kira Forosini da sauran matan da ya sa aka nutsar a tafki a 1801. A 1820 Sarki Mahmud na II ya ayyana shi ɗan tawaye, aka yi wa birnin ƙawanya, aka kashe shi a tsibirin tafkin a 1822. Shagaltar da rundunar sarki ta yi a Epir ta ba Girkawan kudu sararin tayar da yaƙin neman ƴanci a 1821. Sai dai Yanina ba ta ci moriyar abin ba: Atina ta zama babban birni a 1834, masana suka karkata can, ita kuwa ta ci gaba da zama a hannun Turkawa har watan Fabrairu na 1913.

Abin da aka rasa

Halin Yanina ya ginu ne a kan al'ummomi uku masu addini daban-daban, Kirista da Musulmi da Yahudu, waɗanda dukansu Girkanci ne harshensu na gida. Musayar jama'a da Girka da Turkiyya suka ƙulla a 1923 ta dubi addini, ba harshe ba, don haka Musulmin garin suka tashi. Ranar 25 ga Maris 1944 sojojin Jamus suka kwashe Yahudawansa fiye da 1,800 zuwa sansanin Awshwits. Kaɗan ne suka komo.

Kammalawa

Yau Yanina gari ne na ɗalibai, tun da jami'arta ta tsaya da ƙafarta a 1970. Masallacin Aslan Pasha ya zama gidan tarihi, inda aka ajiye kayan al'ummomin nan uku. A 2019 mutanen garin suka zaɓi Bayahude, likita Moyisis Elisaf, magajin gari, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 2023. A ganinmu, wanda ya karanta tarihin Girka daga Atina kaɗai zai ɗauka ƙasar tun asali mai addini ɗaya ce. Yanina tana nuna cewa wannan kamanni ɗan ƙarni na 20 ne, kuma an same shi ne ta hanyar ƙaura da kisa.