Yadda birnin Oklahoma ya gina makarantunsa da harajin sayayya

Yau Amurka zan kai ku, birnin Oklahoma, a shekarar 2001.

A can, hukumar makarantun gwamnati daban take da gwamnatin birni, kowa da asusunsa. Gine-ginen makarantu sun tsufa, ita kuma hukumar ba ta da ikon ɗora harajin sayayya. In bashi za ta ci, sai kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe sun yarda. Birni kuwa yana da wannan ikon haraji, amma makarantun ba nasa ba ne.

To, sai magajin gari Kirk Humphreys ya jagoranci shirin MAPS for Kids. A watan Nuwamba, mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a, suka amince da harajin wucin gadi na shekara bakwai, haɗe da bashin dala miliyan 180. Jimilla wajen dala miliyan 700 ke nan. Kashi 70 na harajin ya tafi makarantun cikin birni, 30 ya tafi na kewaye. Makarantu sama da 70 aka gina ko aka gyara.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kuɗin harajin kwamitin amintattu na musamman aka damƙa wa, shi ke sa ido kan aikin. Ka ga mai biyan haraji ya san ranar da za a daina cira, ya kuma san wanda zai tuhuma idan gini ya tsaya.