Babur mai cc nawa ya kamata ka saya? Bayani ga masu nema a Kudu

Tambayar da ta fi zuwa mini daga samarinmu na nan Fadaman Mada, musamman masu zuwa ci-rani Legas, ita ce: "Malam, an ce in babur ya kai 200cc ba a kama shi, gaskiya ne?" Amsar a taƙaice ita ce a'a. Amma maganar tana da tushe a doka, kuma rashin sanin tushen ne ke sa mutum ya kwashe kuɗin adashinsa na shekara guda ya sayi abin da zai ƙare a hannun hukuma.

Mu fara da cc ɗin kansa. Ba gudu ba ne, ba kuma ƙarfi ba ne kai tsaye. Awo ne na faɗin cikin silinda, wato wurin da fistin ke hawa da sauka. Cc 1,000 shi ne lita ɗaya, don haka injin 200cc kashi ɗaya ne cikin biyar na lita. Ƙarfin kuwa da ƙarfin doki ake auna shi: Bajaj Boxer mai 100cc yana ba da wajen doki 8, mai 150cc kuma wajen 12. A Ingila da ƙasashen Turai ƙarfin suke ƙayyade wa sabon direba. Lasisin A1 ba ya wuce 125cc da kilowat 11, A2 kuma ba ya wuce kilowat 35, sai mutum ya ƙara shekaru da gogewa a ba shi babba. Mu a nan lasisin babur aji ɗaya ne, ajin A, kuma iyakar da ake sa mana ba ta da alaƙa da gogewar direba. Gwamnatin kowace jiha ce ke yanke tata, bisa abin da ke damun ta.

Dokar Legas

Lambar 200 ta fito ne daga dokar hanya da Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a watan Agustan 2012. Ita ce ta hana okada bin hanyoyi 475, ta kuma ce babur ɗin da bai kai 200cc ba kada ya hau manyan tituna da gadoji. Masu kai saƙo da wasiƙu aka bar wa ƙofa, bisa sharaɗin injinsu ya kai 200cc, su yi rajista, kuma kada su ɗauki fasinja. Dokar gyaran sufuri ta 2018 ta zo ta ƙara jaddada wannan.

To ka lura, ƙofar ta kaya ce, ba ta mutum ba. Kamfanoni irin su Gokada da MAX sun zuba kuɗi sun sayo babura masu 200cc da tunanin sun cika sharaɗi. Da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa haramcin ranar 1 ga Fabrairun 2020, bai ware su ba, dole suka koma kai kaya da abinci. In kamfani mai lauyoyi da ofis bai tsira da 200cc ba, ina ga ɗan'uwanmu da ya sauka daga tirela da jakarsa a kafaɗa?

Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana okada ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ga wanda ya san zaman mutanenmu a Ikko, wannan na nufin Obalende ta shiga, Idi-Araba ta shiga, Mile 12 ma ta shiga. Agege da Ojo, inda Alaba Rago take, ba sa cikin goman nan, amma ko a can manyan tituna da gadoji haramtattu ne. Hukuncin da doka ta tanada ya kai ɗaurin shekara uku, kuma har da fasinjan. Babur ɗin da aka kama kuwa ba a maganar beli, niƙe shi ake yi. A farkon Yunin 2022 kaɗai an murƙushe sama da 2,000 a gaban 'yan jarida.

Sauran biranen ba su tsaya lissafin cc ba. Fatakwal da Enugu sun daɗe da hana achaba a cikin gari, Benin ta bi sahu a 2013, Onitsha da Awka a 2018. Ibadan ce har yanzu ake sana'ar a fili, ita ma da rajista.

In ka juyo Arewa, lissafin ya kife

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babban injin da Legas ke nema shi ne wanda ake yi wa kallon zargi a wasu jihohinmu. A ƙarshen 2021 gwamnatin Jihar Neja ta hana sayar da babura masu 185cc zuwa sama, saboda 'yan bindiga na neman irinsu, har suna karɓar su a matsayin kuɗin fansa. Wato babur ɗaya: a Legas in bai kai 200 ba ya yi ƙanƙanta, a Minna in ya kai 185 ya yi girma. Kuma hanyar da yawancin motocinmu ke bi tsakanin Kudu da gida ta nan Nejar take ratsawa. Duk mai niyyar dawo da babban babur gida, ya fara tambayar halin da ake ciki a jihohin da zai bi kafin ya ɗora shi a mota.

Mu a Bauchi ba a sa mana iyakar cc ba. Gwamna Bala Mohammed ya sanar da hana achaba a 2020, lokacin korona, aka kawo Keke Napep a madadi. Amma wanda ya tsaya bakin kasuwar Wunti ko Muda Lawal yau ya san yadda maganar ta ƙare. Abin da ke cika titi shi ne ƙananan nan, 100 zuwa 125, don su ne ke jure rami ba tare da sun cinye cinikin yini a gidan mai ba.

To wanne za ka saya?

Ni dai a ganina aikin ne ke zaɓar babur. In kai saƙo za ka yi a Legas, ba ka da zaɓi, 200cc ne, irin su Qlink da ake gani da akwati a baya, tare da cikakkun takardu, kuma ya fi sauƙi ka shiga ƙarƙashin kamfani mai rajista da ka tsaya kai kaɗai. In fasinja za ka ɗauka a inda aka yarda, kamar Ibadan ko garuruwan Ogun, ko kuma niyyarka ka yi nema ka dawo da shi gida, kada ka wahalar da kanka. Boxer, TVS ko Honda Ace tsakanin 100 da 125cc ya ishe ka. Mai 150 sai in kana dakon buhuna ko hawan tudu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane ƙarin cc a aljihunka yake fita, kullum, ba sau ɗaya ba. Ga kuma kayan gyara: fistin da ringin Boxer ko a ƙauye za ka samu, na 200cc kuwa wani lokaci sai an aika birni. Ranar sayarwa ma haka, ƙaramin kafin ka rufe baki an taya, babban sai ka jira mai so.

Mai neman na zuwa kasuwa da kai yara makaranta, roba-roba mai 110cc ta wadatar, ba sai an ja magana ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kada ka yarda da lambar da aka manna a jikin tanki, sitika ce, ko yaro zai iya liƙa ta. Durƙusa ka duba lambar da aka buga a jikin injin, yawanci ta gefen hagu kusa da giya. A injinan China, harafin ƙarshe na rukunin farko shi ke faɗin girman: G na nufin 100, H 110, I 125, J 150, L kuma 200. In ka ga 162FMJ, to 150 ne ko da tankin ya rantse 200 ne. Na 200 na gaskiya za ka ga 163FML. (Abin dariya, shi kansa wannan in aka auna cikinsa wajen 197 ne, amma a takarda 200 ake rubuta shi, kuma takardar ake dubawa.) Na Indiya da Honda ba sa bin wannan tsari, su sai ka duba sunan samfurin a takardar kamfani.

Akwai kuma kanikawan da za su ce maka kawo 150 ɗinka a sa masa babban silinda ya koma 200. Zai ƙara ja, ba musu. Amma takardunka na nan suna cewa 150, jami'i kuma ba zai kwance inji a bakin titi ya auna ba. Ka ƙara shan mai, ka ƙara zafin inji, kuloci da sarƙa na ɗaukar nauyin da ba don shi aka yi su ba, doka kuma ba ta san ka yi ba.

Takardun da za ka riƙe: rasit mai ɗauke da lambar inji da ta firam daidai da abin da ke jikin babur, takardar mallaka, lamba, inshora, lasisinka na ajin A, da hular kwano. Na hannu ne? Ka zauna da mai shi gaban shaidu a rubuta yarjejeniya, gara ma a gaban shugaban ƙungiya ko Sarkin Hausawan unguwa. Wannan ya fi muhimmanci ga masu loda babura a mota. A watan Agustan 2019 an tare mutum 123 'yan Jigawa da babura 48 a cikin babbar mota a Legas, kuma ko da yake an sake su daga baya, sai da suka sha tambayoyi. Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka, ka tura wa wani a gida, asalin kuma kada ka bar shi ƙarƙashin kujerar babur, don in an tafi da babur ɗin, da shi za a tafi.