Tsawo Kaɗai Ba Ya Jefa Ƙwallo a Kwando

Wata ranar Asabar ina cikin gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon da nake aiki a nan Lome, sai wata baiwar Allah ta bugo waya daga Zongo. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, ina da yaro ɗan shekara goma sha shida, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. Wani mutum ya zo ya ce in na ba da kuɗi zai kai shi Amurka ya buga ƙwallon kwando. Ya ce tsawonsa kaɗai ya isa. Gaskiya ne?" Na ce mata, "Mama, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki ba ni lokaci in bi tarihin abin." Wannan rubutu shi ne amsar da mintuna biyu na rediyo ba su ishe ni bayarwa ba.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya. Babbar gasar ƙwallon kwando ta duniya, wato NBA, tana da ƙungiyoyi 30. Kowace shekara a watan Yuni ana zaman zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye biyu, gurbi 60 ga matasan duniya baki ɗaya. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke da damar fara zaɓe. Kafin ranar ana tara yaran a birnin Chicago, a auna tsawonsu da faɗin hannuwansu da tsallensu da gudunsu. Duk waɗannan awo ne da igiya da agogo ke iya yi. Abin da ya gagari igiya shi ne abu biyu: shin yaron yana da himmar da za ta tashe shi da asuba ba tare da an tashe shi ba, kuma in an gyara masa kuskure yana ɗauka ko yana kumbura? Tarihin 'yan Najeriya huɗu zai nuna mana nauyin waɗannan tambayoyi, kuma uku daga cikinsu hanyarsu ta ratsa ƙasar Hausa.

Na farko shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan wasan ƙwallon hannu. Bai taɓa ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kai kimanin shekara 15, yana ɗalibi a kwalejin horar da malamai ta Musulmi a Legas. Gasar da ta fara fito da shi an yi ta ne a Sakkwato, a bikin wasannin makarantun malamai na ƙarshen shekarun 1970. A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston da ke jihar Texas, bisa shawarar wani koci Ba'amurke da ya ga wasansa a Afirka. Shekarar farko bai buga wa jami'ar wasa ba. Ta biyu kuma daga benci yake shigowa, ya yi ta tafka laifi, numfashi na ƙare masa da wuri.

A nan ne halinsa ya fito. Maimakon ya ce ai ni dogo ne, sai ya nemi inda zai sha wuya. A lokacin hutu ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa a Houston mai suna Fonde, inda Moses Malone, ɗaya daga cikin manyan ƙartin NBA na zamanin, yake motsa jiki. Malone bai tausaya masa ba. Kullum ya ture shi, ya danne shi, ya ci shi, gobe kuma yaron ya dawo. Da aka koma makaranta sai aka ga wani mutum daban. Jami'arsa ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984, kuma a zaɓen 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayi na ɗaya. Michael Jordan a wannan rana na uku ya zo.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Olajuwon salihin yaro ne mai sunkuyar da kai. A shekarunsa na farko yana da zafin zuciya, har an kore shi daga fili a 1986 saboda faɗa a wani muhimmin wasa da Lakers. Ya kuma daɗe yana son ya yi komai shi kaɗai. Sai da koci Rudy Tomjanovich ya karɓi ƙungiyar a 1992, ya kewaye shi da masu jifa daga nesa, sannan Olajuwon, yana dab da shekara 30, ya koyi sakin ƙwallo ga abokan wasansa in an taru a kansa. Kofi biyu suka biyo baya, 1994 da 1995. A watan Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan wata. Bayan ya yi ritaya, Kobe Bryant da LeBron James duk sun je wurinsa koyon sarrafa ƙafa. Wanda ya yarda a koya masa, shi ne ya zama malami.

Saboda nasarar Olajuwon sai Amurkawa suka shiga neman wani kamarsa. Duk dogon ɗan Najeriya da aka gani sai a ce ga sabon Hakeem. Wanda wannan zumuɗi ya fara faɗawa kansa shi ne Yinka Dare, wanda aka haifa a Kano a 1972. Wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ne ya gan shi a Legas a 1991, tsawonsa ya ba shi mamaki, ya yi masa hanya. Dare ya yi shekara biyu kacal a Jami'ar George Washington, ya nuna ƙarfi, sai ya bar karatu ya shiga zaɓen 1994. New Jersey Nets ta ɗauke shi na 14. A kakarsa ta farko minti uku ya buga, gwiwa ta tashi. A dukan zamansa a NBA ya buga wasa 110, kuma sau huɗu kawai ya miƙa ƙwallon da abokinsa ya ci da ita. 'Yan jarida suka mai da shi abin dariya. Ya rasu a 2004 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 31.

Ni ban ga abin dariya a labarin Dare ba. Yaro ne da ya fara wasa a makare, aka cire shi daga wuta tun bai nuna ba, aka ɗora masa miliyoyin daloli da sunan wani. Masu zaɓe sun auna ƙafa bakwai, ba su tambayi ko ya sami shekarun koyo da zai iya karanta fili ba. Sauri ya haifi nawa.

Na uku shi ne Michael Olowokandi, wanda aka haifa a Legas a 1975 ya tashi a Landan. Labarinsa ya fi rikitarwa, domin himma kam ya nuna ta. Shi da kansa ya ɗauki waya a 1995 ya kira Jami'ar Pacific da ke California, ya ce shi dogo ne yana son a koya masa wasa. Cikin shekara uku ya tashi daga wanda bai san dokokin wasa sosai ba zuwa tauraron jami'ar. Masu zaɓe suka ce wanda ya yi wannan tafiya cikin shekara uku, ina zai kai cikin goma? A 1998 Los Angeles Clippers ta ɗauke shi na ɗaya, gaban Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce, waɗanda dukansu suka zama gwanaye na tarihi. Olowokandi ya yi kaka tara, matsakaicin cinsa maki takwas da 'yan kai a kowane wasa, raunuka kuma suka dame shi. Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya yi aikin horarwa a Clippers a 2000, ya faɗa daga baya cewa yaron yana da baiwa amma ba ya karɓar gyara, in an nuna masa kuskure sai ya ɗauka cin fuska ne. Wannan shaidar mutum ɗaya ce, amma mutumin da ya shafe kusan shekara 39 yana riƙe da tarihin cin maki a NBA.

Darasin a nan shi ne himma daban, karɓar gyara daban. Mutum na iya zama mai zuciyar tashi ya nemi abu, amma ranar da aka yaba masa aka ba shi matsayi na ɗaya, kunnensa ya toshe.

Na huɗu bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, amma shi ya fi kowa koya mana yadda ake duba yaro. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya. Yana ɗan shekara 13 ya fara jefa ƙwallo a filayen garin, ya kuma shiga hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya zauna shekaru masu yawa a Jami'ar Ahmadu Bello yana rainon 'yan wasa. Ujiri ya yi karatu a Amurka, ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan a 2002 ya karɓi aikin nemo 'yan wasa ga Orlando Magic ba tare da albashi ba. Da kuɗin aljihunsa yake yawo ƙasa ƙasa, yana kwana a gidajen abokai. A 2003 ya kafa Giants of Africa don horar da yaran nahiyar. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugaban ƙungiya na shekara, kuma a shekarar ya koma Toronto Raptors.

Shi ma ya taɓa rudewa da awo. A 2014 ya ɗauki wani matashi ɗan Brazil, Bruno Caboclo, a matsayi na 20 saboda dogayen hannuwansa, abin bai kai inda aka zata ba. Bayan shekara biyu sai ya yi zaɓen da ya canza tarihin ƙungiyar. A matsayi na 27 a 2016, lokacin da manyan sunaye duk sun tafi, Toronto ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda ya taso a makarantar horar da limaman coci, bai rungumi ƙwallon kwando ba sai da ya kusa shekara 17. Ujiri ya san shi tun sansanin horo na 2012 a Afirka ta Kudu. Ba iya jifa ne ya fito da shi a can ba, yadda ba ya tsayawa ne, kowace ƙwallo sai ya bi ta. Yana Jami'ar New Mexico State mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 2014, bai sami zuwa jana'iza ba saboda matsalar biza, ya daure ya ci gaba. Da Toronto ta mai da shi ƙaramar ƙungiyarta don ya ƙara koyo, bai yi fushi ba, sai ya ciwo musu kofi a 2017, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. A 2019 ya ci maki 32 a wasan farko na ƙarshen gasa da Golden State, Toronto ta ɗauki kofinta na farko, shi kuma aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba. A gefensa akwai Fred VanVleet, wanda a zaɓen 2016 babu ƙungiyar da ta kira sunansa ko ɗaya.

Da na jera waɗannan labarai sai na ga ai mu 'yan Zongo ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Kakanninmu da suka zo Lome da fataucin goro da shanu, tun tsohon Zongo na tsakiyar gari kafin a tashe shi a 1977 a mai da mu arewacin birni, da me suke auna yaro? Maigida ba ya miƙa wa yaronsa jari don ƙirjinsa ya faɗi. Zai fara aikensa da kuɗi kaɗan ya ga ko canji zai dawo daidai. Zai yi masa faɗa a gaban mutane ya ga fuskar da zai zo da ita gobe. Zai yi tafiya ya bar shi da rumfa, ya sa wani ya lura da abin da yake yi in ba a kallonsa. Sai an yi shekaru sannan a sallame shi da jari. Kuma dattawan sun san bambancin yaro mai "to, Alhaji" a baki wanda gobe zai maimaita kuskuren, da yaro mai tambaya da gardama wanda in ya gane ba ya sake faɗawa ramin. Na biyun suke riƙewa. Olajuwon irin na biyun ne. Hali zanen dutse, amma sai wanda ya zauna kusa da dutsen yake iya karanta zanen.

Wannan shi ya sa nake shakkar duk wanda ya ga yaro sau ɗaya a bakin titi ya ce zai kai shi Amurka. Hanyoyin da aka sani a yau, kamar sansanonin da NBA da hukumar FIBA ke shiryawa a Afirka tun 2003, da makarantar NBA da aka buɗe a Saly ta ƙasar Senegal, da gasar BAL da aka fara a Kigali a 2021, duk suna bi ne ta hannun kociyoyi da hukumomin wasa na ƙasashe, mutanen da suka ga yaro yana faɗuwa yana tashi. Kuma in ka duba mutum huɗun nan da Siakam, babu wanda bai bi ta aji ba. Makaranta ce gadar da suka taka.

Na sake neman Mama ta waya na faɗa mata haka. Na ce ta kai yaron wurin koci na gaskiya a nan Lome, ya yi shekara guda yana zuwa horo ba tare da ya bar makaranta ba. Ta lura da abu uku: ranar da aka yi ruwa yana fita ko yana neman uzuri, ranar da aka ajiye shi a benci me yake faɗa in ya dawo gida, kuma abin da aka gyara masa a watan jiya yana nan ko ya gyaru. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ai wannan shi ne yadda mahaifinsa yake gwada yaran shago." Na ce, "Shi ne, Mama."

Kuɗin dai ba ta bayar ba. Yaron kuma na ji yana zuwa fili da yamma bayan La'asar. Allah Ya sa yana jin gyara.