Jirgin Nsawam da Jirgin Tema: Tarihin Dogo da Kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a zangon Adoagyiri ko Ashaiman, ya yi sammako don ya riski kasuwa a Ankara, ya san abin da hanya ke ci a jikin mutum da aljihunsa. Ga dogo kuwa a shimfiɗe, ciyawa na cinsa. Mun ga ya kamata mu bi asalin wannan dogo, mu ga wanda ya biya kuɗinsa da abin da ya sa ya biya.

Turawa ba su shimfiɗa reluwe a ƙasar nan don ma'aikaci ya isa wurin aiki da wuri ba. Sun fara daga Sekondi cikin 1898 saboda zinariya, dogo ya kai Tarkwa cikin 1901, ya shiga Kumasi cikin 1903. Na Ankara kuwa koko ne ya jawo shi. Aka soma aiki cikin 1909, ya bi ta Nsawam ya kai Koforidua, yaƙin Jamus ya rage masa sauri, bai haɗu da Kumasi ba sai 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. Shi wannan Gwamna ya tsara shiri na shekara goma, na wajen fam miliyan 25, mafi yawansa na hanyoyi da tashar jiragen ruwa ta Takoradi wadda aka buɗe cikin 1928. Kuɗin daga harajin kaya da rancen Ingila ya fito, koko kuwa shi ne jingina. Kakanninmu fataken goro sun amfana, gama huhun da a da jaki ke ɗauka ta Salaga sai ga shi cikin tarago zuwa bakin teku, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Ikko. Amma raɓawa suka yi, ba dominsu aka yi ba.

Reshen Tema ma haka ne. An cire shi daga Achimota cikin 1954 don aikin gina tashar jiragen ruwa, har aka miƙa wani reshe zuwa duwatsun Shai inda a ke fasa dutse. Tasha ta buɗe cikin 1962. Watau jirgin da ma'aikata suka riƙa shiga daga baya, hanyar dutse ya ara.

To, a nan ne sarƙaƙiyar ta ke. Kaya su ke ciyar da reluwe, ba fasinja ba. Tikitin mai zuwa aiki kuɗi ne ƙalilan, ba ya sayen mai, ya biya leburori, ya sake katakon da ya ruɓe ƙarƙashin ƙarfe. Muddin koko da katako na bin dogo, ribarsu na rufa wa jirgin fasinja asiri. Da lori ya ƙwace kayan, sai asiri ya tonu. Daga wajen 1970 zuwa gaba kawunan jirgi suka tsufa, ba kayan gyara, ruwan sama na kwashe tsakuwa ba mai zuba wata. Cikin kusan kilomita 950 da ƙasar ta gada, aka wayi gari kaɗan ne ke ɗaukar jirgi. Jirgin Nsawam, mai tafiyar kilomita 40 ta Dome da Pokuase da Amasaman, yana cikin waɗanda suka daɗe suna numfashi, mutane har bisa rufin tarago, don ya fi tirotiro araha nesa ba kusa ba.

Gwamnatoci ba su rasa takarda ba. Cikin 2008 aka yi doka ta kafa hukumar raya reluwe, ita ke riƙe da dogo da filayensa, kamfanin reluwe kuwa ya ji da tuƙi. Cikin Oktoba 2010 Shugaba Atta Mills ya ƙaddamar da sababbin jirage na ƙasar Sin a kan hanyar Tema. Jiragen sababbi ne, dogon kuwa na 1954. Cikin Oktoba 2017 jirgi ya sauka daga dogo, aka dakatar da aiki, ba a koma ba sai Janairu 2019. Tsakanin nan an fito da babban tsari cikin 2013 na kilomita dubu huɗu da 'yan kai, an kuma kafa ma'aikatar reluwe mai zaman kanta cikin 2017, wadda aka mayar cikin ma'aikatar sufuri cikin 2025.

Labarin jirgin sama-da-gari kuwa, wanda aka ce zai bi bisa ginshiƙai ya ratsa Ankara, ba sai mun tsawaita ba. An sa hannu da wani kamfani na Afirka ta Kudu cikin 2019, aikin fiye da dala biliyan biyu, an biya dala miliyan biyu daga asusun gwamnati, ba a kafa ginshiƙi ko ɗaya ba.

Wanda aka gama shi ne na Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin Volta, kilomita 97, da rancen bankin Indiya na dala miliyan 447, aka buɗe cikin Nuwamba 2024. Aiki ne mai kyau, mutanen Ashaiman da Afienya na kusa da shi. Amma a lura. Faɗin sabon dogo ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi, na tsohon kuwa ƙafa uku da inci shida. Saboda haka sabon jirgi ba zai iya hawa tsohon dogon da ya shiga Ankara ba, ko da an share masa hanya. Sa'an nan shi ma babbar manufarsa kaya ne, daga tashar Tema zuwa ruwa, zuwa Arewa.

Mu a ganinmu dalilin a fili ya ke. Mai ba da rance yana son sabon aiki, inda kamfanin ƙasarsa zai sami kwangila. Mai mulki kuma yana son abin da zai yanke wa ƙyalle gaban jama'a. Tsakuwa da katako da albashin mai duba dogo ba su da biki, sai dai a ware musu kuɗi cikin kasafin kowace shekara, nan ne kuwa hannu ke noƙewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Tashar Ankara tana Kantamanto ne, kasuwar nan kuwa bisa filin reluwe ta ke zaune. Daga nan zuwa Agbogbloshie da Avenor dubban mutane sun kafa rumfuna da ɗakuna gefen ƙarfe, da yawansu 'yan Arewa ne, har da 'ya'yanmu mata masu dako. Duk sa'ad da aka ce za a gyara dogo, su a ke fara ba wa sanarwar tashi, kamar yadda aka yi wajen 2010 da 2011. Jirgi ba ya tafiya cikin kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma kadan an zo da sabon tsari, sarakunan zango da ƙungiyoyinmu su nemi a nuna musu abu biyu a rubuce: nawa aka ware don tsugunar da waɗanda za a tasa, nawa kuma aka ware kowace shekara don gyaran dogo daga Kantamanto zuwa Nsawam.